Sabon Hannu a Tsohuwar Ƙungiya: Yadda Makaɗan Rok Ke Naɗar Faifai da Sababbin Mutane

A wani ɗan situdiyo da ke cikin garin Gusau, inda ɗan ƙanwata yake koyon aikin haɗa sauti, na zauna wata rana bayan La'asar ina kallon yadda ake gina waƙa tun daga tushe. Mutum ɗaya ne ke gaban fiyano da kwamfuta. Ya taɓa nan ganga ta fito, ya taɓa can kalangu ya amsa, ya ɗora sarewa a kai, sannan mawaƙin ya shiga wani ƙaramin ɗaki da aka manne bangonsa da soso ya rera abin da ya zo da shi. Kafin a kira Magariba waƙa ta tashi. A kwanakin ne matasa masu bibiyar kiɗan Turai suke ta muhawara kan ƙungiyar Linkin Park ta Amurka, wadda a watan Satumba na 2024 ta sanar da cewa ta dawo aiki da sabuwar mawaƙiya, Emily Armstrong, da sabon mai ganga, Colin Brittain, shekara bakwai bayan rasuwar mawaƙinta Chester Bennington, kuma za ta fitar da sabon faifai a watan Nuwamba. Yaron ya juyo ya ce da ni, "Kawu, tun da sunan ƙungiyar bai canza ba, kuma tsofaffin waƙoƙin suna nan, mene ne abin tayar da jijiyar wuya don an sauya mai rerawa da mai ganga?"

Tambayar tana bisa hanya, domin a sana'ar da yake koyo kiɗa yana zaune ne a cikin na'ura, kuma kowa ya iya taɓa ta zai fitar da sauti iri ɗaya da na wanda ya tashi daga kujerar. A kiɗan rok ba haka abin yake ba. Ƙungiyar rok yawanci mutum huɗu ce ko biyar: mai ganguna, mai jitar bas, wato jita mai tsirkiya huɗu masu kauri wadda ke riƙe ƙasan kiɗa, mai jita ɗaya ko biyu, da mai rera waƙa. Babu abin da ke fitowa a lasifika sai abin da hannuwansu da maƙogwaronsu suka yi. Wani mai gangar yana sauke sandarsa a gaban bugun kaɗan, kiɗan ya zama kamar yana gaggawa. Wani yana sauke ta a baya kaɗan, kiɗan ya yi nauyi, ya zauna. Tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma mai jitar bas da ya yi shekara goma yana tafiya da wannan hannun ya riga ya gina nasa salon a kai, masu jita kuma sun gina nasu a kan na mutum biyun. Idan aka zare mutum ɗaya, duk sauran sai sun sake koyon tsayuwa.

Mu mutanen Zamfara bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba, don mun tashi muna jin ƙungiyoyin kiɗan fada. Duk wanda ya saurari Musa Ɗanƙwairo Maradun ko Sa'idu Faru da kunnen basira ya san cewa armashin waƙar ba a bakin jagora kaɗai yake ba. Jagora yakan ɗauko ɗan waƙa ya kai shi rabi ya sake, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, su koma gindin waƙa tare kamar bakinsu ɗaya, kotsanni kuma suna faɗin abin da bakin ke faɗi. Shi kansa Ɗanƙwairo a ƙungiyar gidansu ya yi amshi shekaru kafin ya ja tasa, kuma bayan rasuwarsa a 1991 'ya'yansa suka ci gaba da riƙe kiɗan. Na taɓa tsayawa kusa da wata ƙungiyar kotso a wurin naɗin sarauta, na lura da wani saurayi a ƙarshen sahu wanda daga gani sabon shiga ne. Idonsa ba ya kan jama'a, yana kan bakin dattijon da ke kusa da shi. Duk lokacin da za a karɓa sai ya shiga a baya da ɗan taƙi, kuma yana rage murya don kada kuskurensa ya fito fili. A filin taro, cikin hayaniya da guɗa, ban da ni da nake dab da shi ba na jin wani ya lura.

To, a nan ne bambancin dandali da situdiyo yake. A kan dandali sabon mutum tsofaffin waƙoƙi yake yi, yana da abin kwaikwayo a gabansa, ƙarar lasifika da ihun 'yan kallo kuma suna rufa masa asiri. A situdiyo babu abin kwaikwayo, domin waƙoƙin ba a taɓa yin su ba, kuma babu abin da ke rufa wa kowa asiri. Akan kafa wa ganguna kaɗai makirufo takwas ko goma ko fiye, kowanne yana zuba sautinsa a layinsa daban. A shekarun 1970 da 1980 tef mai layi 24 ne abin aiki a manyan situdiyo, yau kuma kwamfuta ta sa layukan ba su da iyaka. Galibi akan fara da ganguna da bas, wani lokaci mai gangar yana sanye da abin saurare a kunne wanda ke yi masa ƙas-ƙas kamar agogo don kada gudun kiɗan ya kauce, sannan a ɗora jita a kai, a ɗora murya daga baya. Furodusa yana iya kashe kowane layi ya bar na mutum ɗaya tak yana tashi a ɗakin, kowa yana ji, a maimaita gaɓa guda sau ashirin. Wanda ya shigo jiya yana zaune a gaban mutanen da suka yi shekaru tare, ana sauraron hannunsa tsirara.

Ko Ringo Starr, mai gangar ƙungiyar Beatles ta Ingila, bai tsira daga wannan ba. Ya karɓi ganguna daga Pete Best a watan Agusta na 1962, ya buga a zaman naɗi na 4 ga Satumba a situdiyon EMI da ke Landan, amma furodusa George Martin bai gamsu ba. Da aka dawo ranar 11 ga wata sai Ringo ya tarar an ɗauko wani mai gangar haya, Andy White, shi kuma aka miƙa masa kacau-kacau ya riƙa kaɗawa. Abokansa sun riga sun karɓe shi, masu zuwa kallonsu a Libaful sun fara sabawa da shi, amma a situdiyo akwai wani mai iko dabam wanda kunnensa ne ke yanke hukunci.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai, kuma wanda na fi daɗewa ina ba yaron, shi ne na ƙungiyar Metallica ta Amurka. Ranar 27 ga Satumba na 1986 motar da ke ɗauke da su ta kife a ƙasar Suwidin, mai jitar bas ɗinsu Cliff Burton ya rasu yana da shekara 24. Cikin 'yan makonni suka ɗauki Jason Newsted suka ci gaba da yawon wasa, ba su tsaya sun yi zaman makoki na kirki ba. A 1988 suka fitar da cikakken faifansu na farko da shi, mai suna ...And Justice for All, kuma duk wanda ya saurare shi zai ji wani abu ya ɓace: ganguna suna nan a bushe, jita tana nan da kaifinta, amma bas kusan ba a jin ta ko kaɗan. Newsted ya shiga situdiyo, ya buga kowace waƙa, an naɗa, sautin yana kan tef. A matakin haɗa sauti ne aka danne shi.

Sai an fahimci wannan matakin kafin a gane girman abin. Bayan an gama naɗa, injiniya yakan zauna a gaban wani faffaɗan teburi mai maɓallai a jere, kowane layi da maɓallinsa, in an tura sama sautin ya ɗaga, in an ja ƙasa ya nutse. A nan ake yanke wa kowa matsayinsa a kunnen mai saurare, kuma galibi tsofaffin 'yan ƙungiya ne ke tsaye a bayan injiniya suna faɗin abin da suke so. Ɗaya daga cikin waɗanda suka haɗa sautin wannan faifan, Steve Thompson, ya bayyana daga baya cewa mai gangar ƙungiyar, Lars Ulrich, shi ne ya nemi a ja bas ɗin ƙasa. Akwai kuma bayani na sana'a da aka bayar, cewa Newsted ya bi sawun jitar mawaƙin ƙungiyar, James Hetfield, sau da ƙafa, sautukan biyu suka hau kan juna, ɗaya ya haɗiye ɗaya. Wannan bayanin yana da ƙamshin gaskiya, domin kayan kiɗa biyu da ke zaune a kauri ɗaya sukan shafe juna, kuma aikin injiniya ne ya buɗa wa kowanne gurbi. Amma ni a ganina ba za a raba abin da halin da mutanen suke ciki ba. Samari ne da suka rasa aboki a gaban idonsu, aka kawo musu wani ya tsaya a inda yake tsayawa, kuma zuciyarsu ba ta shirya jin wata bas a wannan gurbin ba. Ina tausaya musu, ina kuma ganin an zalunci Newsted, domin aikin da mutum ya zuba ƙarfinsa a kai an fitar da shi duniya ba tare da muryarsa ba. Ya zauna da su sama da shekara 14, ya fita a farkon 2001, kuma a duk tsawon wannan zama waƙoƙi uku kacal ne ke ɗauke da sunansa a cikin marubuta.

A gefe guda kuma ga AC/DC ta Ostireliya, wadda irin wannan rashin ya same ta amma ta bi wata hanyar. Mawaƙinta Bon Scott ya rasu a Landan ranar 19 ga Fabrairu na 1980, a daidai lokacin da ƙungiyar ta fara samun karɓuwa a Amurka. 'Yan'uwan nan biyu da suka kafa ta, Malcolm da Angus Young, suka ɗauko Brian Johnson daga arewa maso gabashin Ingila, suka tafi da shi situdiyon Compass Point da ke Nassau a tsibiran Bahamas tare da furodusa Mutt Lange. Ba su ce masa ya kwaikwayi mamacin ba. Sun damƙa masa rubuta kalmomin waƙoƙin, kuma sunansa ya fito tare da nasu a kan duka waƙoƙi goma na faifan Back in Black, wanda ya fita a watan Yuli na wannan shekarar. Ba su kuma ɓoye makokinsu ba: bangon faifan baƙi ne wuluk, kuma abin da ake fara ji shi ne bugun ƙararrawa a hankali. Suka ba mamaci haƙƙinsa a fili, suka ba rayayye wurinsa a fili. Faifan yana cikin waɗanda aka fi saya a tarihin kiɗa, ana ƙiyasta kwafi miliyan 50 a duniya. Ba na cewa adalcin da suka yi ne ya jawo cinikin, don ciniki yana da dalilai da yawa, amma mai saurare yana jin muryar mutumin da aka sakar wa mara.

Wani lokacin ma sabon shiga ne ke juya akalar ƙungiyar gaba ɗaya. Fleetwood Mac ta fara ne a Landan a 1967 da kiɗan bulus, wani salon kiɗa na baƙaƙen fatar Amurka, ta yi ta sauya mutane har ta koma Amurka. A ƙarshen 1974 mai gangarta Mick Fleetwood ya je duba situdiyon Sound City a Los Anjalas, aka kunna masa wani naɗi don ya ji ingancin ɗakin, sai jitar da ke ciki ta kama masa kunne. Mai jitar, Lindsey Buckingham, ya ce ba zai shiga ba sai tare da abokiyar waƙarsa Stevie Nicks. A faifan da suka fitar a 1975 kusan rabin waƙoƙin daga hannun baƙin biyu suka fito, salon ƙungiyar ya sauya ɗungurungum, kuma faifan ya hau matsayi na ɗaya a Amurka a 1976. Mafi yawan masu son ƙungiyar a yau wannan zubin suka sani, ba na farkon ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a cika yin ta a bainar jama'a ba alhali ita ce ke nuna ainihin matsayin mutum. A tsarin haƙƙin mallaka na waɗannan ƙasashe, waƙa ɗaya tana da haƙƙi biyu. Akwai haƙƙin wanda ya tsara kalmomi da karin waƙar, wanda ke samun kasonsa duk lokacin da aka sa ta a rediyo ko wani ya sake rera ta, akwai kuma haƙƙin sautin da aka naɗa, wanda galibi kamfanin faifai ke riƙe da shi yana ba ƙungiya kaso. Bayan waɗannan akwai sunan ƙungiyar kansa, wanda yawanci kamfani ne mai masu hannun jari, da kuɗin wasanni da na riguna da sauran kayan da ake sayarwa da sunan. Saboda haka mutum yana iya kasancewa a hoton bangon faifai, yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da sauran, alhali a takarda ma'aikaci ne mai ɗaukar albashi. Mai jita Ronnie Wood ya fara wasa da ƙungiyar Rolling Stones a 1975, bayan ƙungiyar ta mayar da zaman naɗin faifanta Black and Blue wurin gwada masu jita, amma bai zama abokin tarayya a harkar kuɗinta ba sai a farkon shekarun 1990. Darryl Jones kuwa yana riƙe musu bas tun 1993, a dandali da situdiyo, kuma ba a taɓa lissafa shi cikin 'yan ƙungiya ba. Ita Metallica, da ta zo ɗaukar sabon mai bas Robert Trujillo a 2003, ta ba shi dala miliyan ɗaya a matsayin kafin alƙalami, abin da nake karantawa a matsayin alamar cewa sun gane kuskuren da suka yi wa wanda ya gabace shi. Wannan ma ba baƙo ba ne a wurinmu, don duk wanda ya san ƙungiyoyin makaɗanmu ya san cewa ranar rabon abin da aka samu, ko kuɗi ne ko riguna ko doki, ita ce ranar da kowane ɗan amshi ke sanin inda yake a wurin maigidansa, kuma rabon ya sha raba ƙungiyoyi.

Daga nan tambayar yaron ta koma inda ta fi wuya: yaushe ne suna ke daina zama gaskiya? Ƙungiyar Led Zeppelin ta Ingila ta ba da amsa ɗaya. Mai gangarta John Bonham ya rasu a watan Satumba na 1980, a watan Disamba sauran ukun suka sanar cewa ba za su iya ci gaba a yadda suke ba, suka rufe ƙungiyar. Ƙungiyar Pink Floyd kuma ta ba da wata amsar. Roger Waters, wanda ya rubuta mafi yawan kalmomin manyan faya-fayanta, ya fita a 1985 yana ganin ƙungiyar ta ƙare, abokan aikinsa David Gilmour da Nick Mason suka ce ba ta ƙare ba, maganar ta kai kotu, suka fitar da faifai a 1987 da taimakon makaɗan haya masu yawa, aka kuma sasanta a ƙarshen wannan shekarar sunan ya zauna a hannunsu. Doka tana iya faɗin wanda ya mallaki suna, amma ba ta iya tilasta wa kunne ya yarda. Ni dai ma'aunina shi ne faifan da aka naɗa. In sababbin mutanen an bar su sun sa hannu a rubutu, an ji su a sauti, kuma abin da ya fito yana da dangantaka da na baya kamar yadda ɗa ke kama da uba ba tare da ya zama shi ba, to ƙungiya ce mai rai, kuma ta cancanci sunanta. In kuwa an ɗauko su ne don su maimaita hannun wanda ya tafi, to abin da ake sayarwa tunawa ce kawai, kuma ya kamata a faɗa wa masu saye haka. A kan wannan ma'aunin nake ganin Linkin Park ta yi abin da ya dace da ta fara da sababbin waƙoƙi, ta sa wa faifan suna From Zero, wanda ke nuni ga farawa daga tushe da kuma sunanta na farko, Xero, maimakon ta fita yawon wasa da tsofaffin waƙoƙi kawai. Wani abin lura a tsarin nasu shi ne mai jitarsu Brad Delson ya ci gaba da aikin situdiyo amma ya bar hawa dandali, wani yana tsaya masa, wato ƙungiyar da ke naɗi da wadda ake gani a fili ba lallai su zama mutane ɗaya ba.

Abin da ya sa na ɗauki maganar da muhimmanci har nake rubuta ta shi ne ba ta yi nisa da mu kamar yadda ake zato ba. Mdou Moctar, mai jitar nan Ba'abzine daga Jamhuriyar Nijar wanda yau ake lissafa ƙungiyarsa cikin fitattun ƙungiyoyin rok, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, da irin kayan aiki da salon gyaran murya na situdiyoyin waƙoƙin Hausa, kuma waƙoƙin suka yaɗu ta katin waya daga hannu zuwa hannu. Da ya kafa cikakkiyar ƙungiya mai ganguna da jita ta biyu da mai bas Ba'amurke, Mikey Coltun, sautinsa ya zama wani abu dabam, ko da yake mutumin bai canza ba. A situdiyoyinmu na Gusau da Birnin Kebbi ma ina ganin matasa sun fara gajiya da kalangun cikin fiyano, suna gayyato mai kalangu na gaske ko mai kotso ko mai gurmi ya zo ya buga a gaban makirufo.

A ranar da na koma wurin ɗan ƙanwata na tarar da irin wannan zaman. Wani dattijo mai kalangu ne aka ɗauko daga wata unguwa, an sa masa abin saurare a kunne, ƙas-ƙas ɗin kwamfuta yana damunsa, yana ta kauce masa don hannunsa ya saba bin numfashin mawaƙi ne, ba bugun agogo ba. Bayan gwaji na huɗu ya cire abin ya ajiye a kan cinyarsa, ya ce a kira yaron da zai rera ya tsaya a gabansa. Aka kashe agogon, mawaƙin ya tsaya, suka yi ta tare sau ɗaya, kuma wannan naɗin aka ɗauka. Da dattijon ya tafi, ɗan ƙanwata ya zauna haɗa sautin, na ga ya kai hannu kan layin kalangun yana shirin jan sa ƙasa don ya yi daidai da gangar na'ura da suka saba. Na tambaye shi sunan dattijon, da ko za a rubuta shi a jikin waƙar, da nawa aka ba shi. Ya san amsar ta ukun kawai. Ya ɗaga waya ya kira wanda ya kawo shi ya tambayi sunan, ya rubuta a takardar da ke gefen kwamfutar, sannan ya rage gangar na'urar ya bar kalangun a inda yake.